Kafa kamfanin fasaha da yin ciniki ta intanet a Najeriya: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi su ake ta maimaitawa duk inda matasa suka haɗu kan maganar neman na kai ta intanet, a zauren taro ko a guruf ɗin WhatsApp. Masu yin su sun haɗa da ɗalibin da ya koyi rubuta manhaja, da matar aure mai sayar da atamfa daga ɗakinta, da yaron shago a Kantin Kwari da ke son faɗaɗa cinikin maigidansa. Na jera su daga masu sauƙi zuwa masu zurfi. Inda wata amsa ta taɓo wata, na sa lambar tambayar.

1. Mene ne bambancin kamfanin fasaha mai tasowa da sana'ar da muka saba?

Mai shagon shinkafa a kasuwar Singa in yana son cinikinsa ya ninka sau goma, sai ya ƙara shaguna, ya ƙara yara, ya ƙara jari kusan sau goma. Shi kuwa kamfani mai tasowa, wanda matasa ke kira sitatof, ana gina shi ne a kan abin da zai yi wa mutum dubu ɗari aiki ba tare da kuɗin gudanarwa ya ninka haka ba. Manhajar da ta karɓi kuɗin mutum ɗaya, ita ce dai za ta karɓi na mutum miliyan. Abu na biyu, mai shinkafa ya san ana cin shinkafa. Mai sabon kamfani bai san ko jama'a za su karɓi abin da ya kawo ba, gwaji yake yi.

Saboda haka mai sayar da turaren wuta ta Instagram kasuwancin intanet take yi, ba kamfanin fasaha ta kafa ba. Wannan ba raini ba ne. Sau da yawa ita ce ke kwana da riba a hannu, alhali mai manhaja yana ta cin uwar kuɗi.

2. Da gaske akwai kamfanonin Najeriya da suka yi nisa, ko labari ne kawai?

Akwai. Shola Akinlade da Ezra Olubi sun kafa Paystack a 2015 domin 'yan kasuwa su riƙa karɓar kuɗi ta intanet, kuma a Oktoban 2020 kamfanin Stripe na Amurka ya saye shi a kan kuɗin da rahotanni suka ce ya haura dala miliyan 200. Interswitch, wanda Mitchell Elegbe ya kafa tun 2002, darajarsa ta kai dala biliyan 1 a 2019 lokacin da Visa ta sayi hannun jari a cikinsa. Flutterwave, na 2016, an yi masa kuɗi dala biliyan 3 a farkon 2022. OPay ya kai biliyan 2 a 2021. Moniepoint, wanda ya faro da sunan TeamApt a 2015, ya shiga sahun masu darajar dala biliyan a Oktoban 2024. Jumia kuwa, mai sayar da kaya ta intanet, tun Afrilun 2019 ake sayar da hannun jarinsa a kasuwar New York.

Ka lura da abu ɗaya: in ka cire Jumia, duk sauran harkar biyan kuɗi suke yi. Ba dace ba ne. Tura kuɗi da karɓarsa matsala ce da ta addabi kowa, daga attajiri har mai ƙosai, kuma sun tarar an riga an share musu fage: tiransifa ta nan take tsakanin bankuna ta fara a 2011, lambar BVN ta zo a 2014. Da ƙarancin takardun naira ya ritsa da jama'a a farkon 2023, masu shayi da mahauta da ba su taɓa tunanin buɗe asusu ba suka liƙa lambar asusu a jikin teburinsu.

3. Me ya sa kusan dukkansu a Legas suke? Mu a Arewa ina aka bar mu?

Dalilan a bayyane suke. Hedikwatocin manyan bankuna suna Legas. Wayoyin intanet na ƙarƙashin teku a can suke fitowa, irin na MainOne da ya fara aiki a 2010. A unguwar Yaba aka buɗe cibiyar CcHUB, wadda ta zama matattarar masu rubuta manhaja har Mark Zuckerberg ya ziyarce ta a 2016. Mai zuba jari in ya sauka daga jirgi, waɗanda ya tarar kusa su yake gani. Mu kuwa, ban da ƙarancin wuta da raunin sabis a karkara, har da matsalar tsaro: a Satumban 2021 an katse layukan waya a jihar Zamfara baki ɗaya, duk mai ciniki ta waya ya tsaya cak.

Amma ba a zaune ake ba. Akwai CoLab a Kaduna, da nHub a Jos, da CITAD a Kano wadda ta daɗe tana horar da matasa, da FlexiSAF da ke yi wa makarantu manhajar riƙe sakamako da kuɗin makaranta. Abin da ke ci mini rai shi ne kasuwar tana nan wurinmu, wasu ne ke zuwa su girbe. Ka zaga Dawanau ko Kwari ka ƙirga na'urorin POS, ka tambayi inda aka ƙera manhajarsu. Wanda ya tashi a gindin buhunan riɗi da zoɓo, ya san yadda dillali yake cin la'adarsa, ya san yadda ake ba da kaya bashi zuwa kasuwa ta ci, yana riƙe da sanin da injiniyan Yaba ba shi da shi. Wannan sani jari ne.

4. Ina da dabara mai kyau. Daga ina zan fara?

Kada ka fara da manhaja, kada ka fara da tambari ko ofis. Fara da mutanen da kake cewa suna da matsalar. Nemi mutum 20 daga cikinsu, waɗanda ba 'yan uwanka ba ne kuma ba za su ji nauyinka ba, ka tambaye su yadda suke fama da abin yanzu da nawa yake cinye musu. Kada ka tambayi mutum ko zai yi amfani da manhajarka, domin Bahaushe ba ya son kunyata baƙo, “in sha Allahu” zai ce maka. Abin dogaro shi ne ya ciro kuɗi ya biya.

Sannan ka yi aikin da hannunka tukuna. Misali kana son haɗa masu gidajen abinci da manoman tumatir na Kadawa. Kafin ka biya kowa ya rubuta maka komai, buɗe WhatsApp, karɓi oda daga gidajen abinci biyar, je ka sayo, ka sa a mota, ka kai. Cikin wata ɗaya za ka san kwando nawa ke lalacewa a hanya, wa ke biya nan take, wa ke ja maka rai, da ko abin da ya rage bayan kuɗin mota ya isa a kira shi riba. Ranar da oda ta fi ƙarfin littafinka da wayarka, ranar ce manhaja ta zama buƙata, kuma a lokacin ka san ainihin abin da za a rubuta.

Masu ɓoye dabara don tsoron kada a sace, su kwantar da hankalinsu. Dabarar da ke kanka tana kan wasu ɗari. Wanda ya jure zirga-zirgar kasuwa shi ke cin moriyarta.

5. Dole ne sai na iya rubuta manhaja?

Ba dole ba ne, musamman a matakin da aka bayyana a tambaya ta 4. Amma in har manhaja ce zuciyar kamfanin, ya fi kyau a ce cikin waɗanda suka kafa shi akwai mai iya rubuta ta. Ba da kwangila ga wani ya rubuta ya tafi yana jawo wahala, domin manhaja kamar gona ce, kullum tana son noma. In ka samu abokin tafiya irin wannan, duba tambaya ta 18 kafin ku fara. Mai son koyo kuma, darussa kyauta sun cika YouTube, ga shirin gwamnatin tarayya na koyar da matasa fasaha, 3MTT, da aka ƙaddamar a 2023.

6. Waɗanne kayan aiki na intanet zan fara da su?

Kaɗan sun isa. WhatsApp Business, wanda ya fito a 2018, yana ba ka damar jera kaya da farashinsu, da saita amsa mai fita da kanta, da yi wa kwastomomi alama: wanda ya biya, wanda ke jiran kaya. Google Sheets ya isa riƙe lissafin shiga da fita. Google Forms na karɓar oda ko jin ra'ayin jama'a. Canva na haɗa hoton talla. Sa shagonka a taswirar Google kyauta ne, kuma yana kawo baƙon da bai san gari ba. Mai sayar da littafi ko darasi na bidiyo yana iya amfani da Selar, wanda ke karɓar kuɗi ya miƙa wa mai saye kayansa ba tare da ka taɓa waya ba.

Shafin intanet na kanka yana iya jira. Abin da ba ya jira shi ne tsaron asusunka: kunna tabbaci mai mataki biyu a WhatsApp da Instagram da imel tun yau, kuma kada ka karanta wa kowa lambar da aka turo maka ta saƙo, ko da muryar wanda ka sani ce.

7. Yaya zan karɓi kuɗi ba tare da an yi mini alat na bogi ba?

Hoton rasit ba kuɗi ba ne, saƙon tes ma ba kuɗi ba ne. Buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin ya zauna kafin kaya ya bar hannunka, ko da mai sayen yana ta gaggawa. Gaggawar ma alama ce. Ka ware asusun kasuwanci daban da na cefane, in ba haka ba ba za ka taɓa sanin ko kana riba ba. Idan oda ta yi yawa, mahaɗar biyan kuɗi ta Paystack ko Flutterwave tana tabbatar da biya da kanta, ana cire musu ɗan kaso daga kowane ciniki, sai ka sa wannan a lissafin farashinka.

8. Mutane na tsoron biya kafin su ga kaya. Yaya zan sa su yarda da ni?

Suna da gaskiya. Da yawa sun yi odar leshi an kawo musu abin da ko kama da hoton bai yi ba, wasu kuma an toshe lambarsu bayan sun tura kuɗi. A kasuwa ta zahiri mutum ya san layinku, ya san maigidanka, ya san inda zai kai ƙara. A intanet duk wannan babu, sai ka gina shi da kanka.

Ɗauki hoton kayanka na gaske da hasken rana, kada ka kwafo na wani. Yi bidiyo kana buɗe yadin. Rubuta farashi a fili, ka bar cewa a biyo ka ta saƙo. Faɗi ƙa'idar mayar da kaya tun kafin a saya, kuma ka cika ta ko da ta ci ka. In ka sa kaya a mota a tasha, tura wa mai saye hoton ƙunshin da lambar direba da lokacin da ake sa ran isa. Ga sabon kwastoma a cikin gari, biya bayan an kawo yana karya tsoro, amma a karɓi kuɗin ɗan aike tun farko, domin akwai masu yin oda su kashe waya. Mata masu sana'a daga gida sun fi kowa gane wannan hanya: kwastoma ɗaya da ta ji daɗi takan jawo dangi da ƙawaye a biki ɗaya, abin da tallan kuɗi ba zai yi ba.

9. Sai na yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni? Wace iri?

Ranar farko ba dole ba ne, amma da zarar ciniki ya kankama ka yi. Sai da ita za ka buɗe asusun banki da sunan kasuwanci, kuma manyan kwastomomi da hukumomi ba sa hulɗa da wanda ba shi da ita. A 2024 ma an umarci masu sana'ar POS su yi rajistar. Rajistar sunan kasuwanci ta fi araha da sauƙi, ta wadatar da mai saye da sayarwa, sai dai a idon doka kai da kasuwancin abu ɗaya ne, bashinsa bashinka ne. Kamfani mai iyakantaccen alhaki yana tsaye da ƙafarsa, yana da hannun jari da za a iya rabawa ko sayarwa, kuma shi mai zuba jari ke nema. Tun dokar kamfanoni ta 2020, mutum ɗaya tak yana iya kafa ƙaramin kamfani irin wannan. Ka tuna akwai bayanan shekara-shekara da ake shigarwa, wanda ya yi sakaci tara na taruwa masa.

10. Me dokar Nigeria Startup Act ta tanada?

Shugaba Muhammadu Buhari ya sa mata hannu ranar 19 ga Oktoban 2022. Ta tanadi takardar shaida da hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA ke bayarwa ga kamfanin da ya cika sharuɗɗa: ya zama mai iyakantaccen alhaki, bai wuce shekara 10 da rajista ba, aikinsa ya shafi fasahar zamani, kuma aƙalla kashi ɗaya bisa uku na hannun jarinsa yana hannun ɗan Najeriya da ke cikin waɗanda suka kafa shi. Mai shaidar yana iya neman sassaucin haraji da tallafi daga wani asusu da dokar ta ce a riƙa zuba wa aƙalla naira biliyan 10 duk shekara. Ka nemi shaidar in ka cancanta, amma kada ka ɗora lissafin albashin ma'aikatanka a kan kuɗin da bai shigo ba.

11. Ina zan samu jari?

Mafi albarkar jari shi ne kuɗin kwastoma, domin ba ya cin komai daga mallakarka. Bayansa sai ajiyarka, da adashi, da gudummawar dangi. Sai tallafin da ba a mayarwa, kamar na Gidauniyar Tony Elumelu da ke ba da horo da dala 5,000 tun 2015, ana buɗe neman sa a farkon shekara. Sai attajirai masu sayen kaso a ƙananan kamfanoni, sai cibiyoyin reno irin Y Combinator ta Amurka, inda Paystack ya samu shiga a 2016, wadda ke ba da dala 125,000 a kan kashi 7 cikin ɗari, da ƙarin dala 375,000 da za a mayar hannun jari daga baya. Can ƙarshe sai manyan kamfanonin zuba jari.

Ga abin da matasa ke mantawa: labarin “kamfani kaza ya samu dala miliyan kaza” ba kyauta yake nufi ba, sayar da wani yanki na kamfanin aka yi. A ce wani ya ba ka naira miliyan 10 a kan kashi 20, to ya yi wa kamfaninka kuɗi miliyan 50 ke nan, kuma daga ranar yana da bakin magana. Kowane zagaye na neman kuɗi yana rage kasonka. Masu zuba jarin waje kuma galibi sukan nemi a kafa uwar kamfani a jihar Delaware ta Amurka, na Najeriya ya koma reshe. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

12. Shin karɓar kuɗin mai zuba jari bai shiga riba ta haram ba?

Asalin tsarin, wato mutum ya sa kuɗi ya mallaki kaso, in an ci a ci tare, in an faɗi a faɗi tare, ya yi kama da musharaka da malaman fiƙihu suka yi bayani, kuma 'yan kasuwarmu sun daɗe suna yin irinsa tsakanin maigida da yaronsa. Inda ake samun matsala shi ne cikin takardar yarjejeniya. Akwai nau'in da ake rubuta kuɗin a matsayin bashi mai kuɗin ruwa wanda zai rikiɗe ya zama hannun jari daga baya, akwai kuma sharaɗin da ke lamunce wa mai jari uwar kuɗinsa ko da an yi asara. Kada ka sa hannu sai lauya ya fassara maka kowane sashe, sannan ka kai wa malamin da ya san babin mu'amala. Mai neman kuɗin sayen kaya ko na'ura kuma yana iya tuntuɓar bankunan da ba sa hulɗa da kuɗin ruwa, irin Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJBank, da Lotus.

13. An ce kuɗin masu zuba jari ya ja baya. Me ya faru?

A 2021 da farkon 2022 kuɗi ya yi ta kwarara cikin kamfanonin Afirka, domin ajiya a bankunan Amurka ba ta kawo komai a lokacin, masu kuɗi suna neman inda za su jefa shi. Daga Maris 2022 babban bankin Amurka ya shiga ƙara kuɗin ruwa, sai kuɗin ya fara komawa gida. Ana cikin haka aka saki naira kasuwa ta yanke mata farashi a Yunin 2023: dalar da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Kamfanin da ya karɓi dala amma yana ciniki da naira, ko da cinikinsa ya ninka biyu, a idon mai jarinsa ya ragu.

Sakamakon ya fito fili. An sallami ma'aikata, kamfanin binciken lafiya na 54gene da ya tara kusan dala miliyan 45 ya rufe a 2023, Jumia Food da Bolt Food suka daina kai abinci a Najeriya a ƙarshen shekarar. Yanzu tambayar farko da ake yi wa mai neman jari ita ce yaushe zai fara riba, ba mutum nawa suka sauke manhajarsa ba. A ganina wannan sauyi ya yi wa ɗan kasuwar Arewa daɗi, domin lissafin riba da faɗuwa shi ne yaren da ya tashi da shi.

14. Ban da rashin kuɗi, me ke kashe irin waɗannan kamfanoni?

Na farko, gina abin da ba wanda ke nema, wanda tambaya ta 4 ta yi magana a kai. Na biyu, sayar da abu ƙasa da abin da ya ci don a tara jama'a, ranar da rangwame ya ƙare su watse. Na uku, rikicin waɗanda suka kafa shi. Na huɗu kuma, wanda ya fi yawa a ƙasar nan, sauyin doka dare ɗaya. A Fabrairun 2020 gwamnatin Legas ta hana acaɓa a manyan sassan birnin, Gokada da ORide da suka zuba kuɗi a babura suka wayi gari ba hanya. A Fabrairun 2021 Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna hulɗa da masu kirifto, wato kuɗin intanet irin Bitcoin, bai janye ba sai Disambar 2023. An rufe Twitter (X a yanzu) a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, masu talla a can suka rasa kwastomomi wata bakwai. Darasin da ke nan ga mai ƙaramin ciniki shi ne kada duk kwastomominka su kasance a dandali ɗaya. Riƙe lambobinsu a wani wuri da ke hannunka, da izininsu.

15. Ƙirƙirarriyar basira za ta amfane ni, ko za ta ƙwace mini aiki?

Tun fitowar ChatGPT, manhajar da ake yi wa tambaya ta amsa kamar mutum, a ƙarshen Nuwamban 2022, aikin da kan ci yini, kamar tsara wasiƙar neman kwangila da Turanci, ko gyara lissafi, ko gano kuskure a manhaja, ya koma na mintoci. Ga wanda Turanci ke yi wa shamaki wannan babbar dama ce. Amma tana ƙaga abin da babu ta faɗe shi da cikakken ƙarfin hali, don haka kada ka ɗauki maganarta kan doka ko haraji ko magani ba tare da bincike ba. Hausarta ma har yanzu tana tuntuɓe, duk da cewa Google Translate ya sa Hausa tun 2013. Masu ƙananan ayyukan rubutu da zane da fassara suna jin matsi. Ni dai inda nake hango buɗi shi ne murya: miliyoyin masu ciniki a ƙasar Hausa saƙon murya suke turawa, ba rubutu ba, kuma kayan aikin da ke jin Hausa da kyau ba su wadata ba.

16. Ana samun kuɗi da YouTube da Facebook da TikTok?

Ana samu. YouTube na fara raba kuɗin talla da mai tasha in ya kai mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 cikin shekara guda, kuma a can ne finafinan Hausa masu dogon zango suka samu gida. Facebook ya buɗe wa masu shafuka a Najeriya ƙofar samun kuɗin talla a 2024. Sai dai abin da ake biya kan kallon da ya fito daga Najeriya ko Nijar bai kai na Amurka ko Ingila ba ko kusa, ga tsadar data, musamman bayan ƙarin kashi 50 da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da shi a Janairun 2025. Waɗanda suka tsaya da ƙafarsu su ne masu amfani da mabiyan wajen sayar da wani abu nasu, kaya ko darasi ko littafi, ko karɓar tallan 'yan kasuwa kai tsaye.

17. Yaya zan bambance kamfanin gaske da na damfara?

Tambaya ɗaya: daga ina ribar ke fitowa? In ba a iya nuna maka kaya ko aikin da ake sayarwa ba, in an yi maka alkawarin riba tsayayya mai yawa cikin kwanaki, in kuma samunka ya dogara da kawo wasu, to kuɗin na baya ake ba na gaba. Haka MMM ta yi har ta daskarar da asusun jama'a a Disambar 2016. Haka CBEX ta yi, da sunan cinikin kirifto da ƙirƙirarriyar basira, ta rufe da kuɗin mutane a Afrilun 2025. Suna kawai ake sauyawa. Abin takaicin shi ne ta hannun wanda ka yarda da shi take shigowa, ɗan uwa ko abokin sallah, wanda shi ma ya yarda ne don an biya shi a farko.

Duk mai karɓar kuɗin jama'a da sunan zuba jari sai da rajistar hukumar SEC mai kula da harkar zuba jari, takardar CAC kaɗai ba ta isa ba. Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi ɗaurin da ka iya kai shekara 10 ga masu irin wannan tsari. Haka kuma a yi hattara da manhajojin ba da bashi masu neman izinin shiga lambobin wayarka. Cin zarafin da suka riƙa yi wa masu bashi ne ya sa hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta wajabta musu rajista a 2022. Kai ma in kana tara sunaye da lambobin kwastomomi, dokar kare bayanai ta 2023 ta hau kanka: ba a sayar da su, ba a ba wani ba da izini ba.

18. Ni da abokina za mu fara tare. Sai mun rubuta yarjejeniya, alhali mun yarda da juna?

Ku rubuta, kuma tun kafin kuɗi ya shigo, lokacin da zukata ke fari. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi da kafa shaidu, kuma muminai aka yi wa umarnin, ba waɗanda ake zargi ba. Takardar ta fayyace kason kowa, da aikin kowa, da wanda ke da maganar ƙarshe in an saɓa, da albashin da kowa zai ɗauka in an fara samu. Ta faɗi cewa manhajar da sunan kamfanin da shafukansa mallakar kamfani ne, ba na wanda ya buɗe su da imel ɗinsa ba. Ta faɗi yadda za a yi da kason wanda ya rasu, domin magada za su zo, kuma haƙƙinsu ne.

Sannan ku yi tanadin wanda zai tafi. Al'adar da kamfanonin fasaha suka saba bi ita ce kaso ba ya zama na mutum gaba ɗaya a ranar farko, yana nuna ne a hankali cikin shekara 4. Wanda ya bar tafiyar kafin cikar shekara ɗaya ba ya fita da komai, wanda ya cika shekara ya mallaki rubu'in kasonsa, ragowar kuma tana shigo masa wata-wata. In ɗayanku ya samu aikin gwamnati ko gurbin karatu a waje bayan wata shida, wannan sharaɗi ne zai hana ya tafi da rabin kamfanin ya bar ɗayan da aikin. Ku sa hannu gaban lauya da shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafinsa.